Shekarar da Tarwaɗa ta Shiga Ɗakin Innarku

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci mai ƙafa da mai jela, ya auna wa kowa bakin da zai ci da shi.

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fi ni iya riƙe biro, ga babin da kuke raɗe-raɗinsa in na ba da baya. Na san abin da aka gaya muku a Babban Mutum, garin su Innarku, wai ubanku Ilu Mai Gilashi ya kori surukinsa daga gida saboda kifi. Ban ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Sai dai labarin da ya bi ta bakin gwaggwanninku ya fito kamar gilashin da aka yanka da dutse, ko'ina ka taɓa sai ya tsaga maka yatsa. Innarku ce ta ce kada in buɗe baki sai bayan ranta. Allah ya ji ƙanta, ya haskaka kabarinta. Yanzu ga ni ga takarda, da ɗan karatun firamaren da na yi, wanda rabinsa a kan bishiyar mangwaron makaranta na yi shi. In kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi da kanku, ni na saba da gyaran taga ne.

Kun san ni, tun ina yaro ƙafata ba ta san zama ba. Na koyi yankan gilashi ne don sana'a ce da ake yinta a gidajen mutane, yau taga a Daura, gobe madubin amarya a Zango, jibi akwatin mai tsire a kasuwar Mai'aduwa. Ko shayi a tsaye nake sha. Innarku Hajara takan ce in da za a ɗaure ni a turke, da turken zan tafi yawo. To a shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai ta faɗi a bakin murhu da muciya a hannu. Hawan jini ne ya kayar da ita. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita gida, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi ɗungurungum. Likita ya ce magani zai yi nasa, amma sauran aikin nata ne: ta ci abinci, ta riƙa motsa hannu, ta so tashi. Wannan na ƙarshen shi ne babu. Matar da muryarta ke tashin maƙwabta da asuba ta juya fuska bango, ta ƙi kunu, ta ƙi fura, ta ƙi kallon kowa. Rabi, babbar yayarku, ta baro ɗakin mijinta a Zango ta zo jinya. Ni kuwa in na zauna a bakin gadon sai in ji kamar cinnaku sun shiga wandona. In shiga, in fita, in kunna rediyo, in kashe, in ba ta labarin da ya saba sa ta dariya, ta rufe ido. Na gane a lokacin cewa duk wayon da nake taƙama da shi na kan titi ne, a cikin ɗaki ban iya komai ba.

Wata rana na je shagon Emeka neman kayan babur. Emeka Ibo ne, ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi tawa gishiri. A bayan kantarsa akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, gefensa ya tsage yana ɗiga, ya ce in duba masa. Na sunkuya don in ga tsagar, sai na ga abin da ke ciki. Wasu 'yan kifaye ne mitsi-mitsi, jelarsu kamar an yanko ta daga atamfa, suna kai da kawo ba su da wani uzuri a duniya. Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba sai da na ji muryarsa a kaina.

"Baba Gilas, lafiya? Kai da ko gaisuwa a guje kake yi, yau kifi ya kama ka?"

"Emeka, abin nan in ya iya tsayar da ni, zai iya juyo da matata daga bango."

A ranar na yanka gilashi na haɗa nawa, ɗan ƙarami, kamu ɗaya da 'yan yatsu, daidai kan teburin da ke gefen gadonta. Na koma wurin Emeka da zari irin nawa, na ce ya zuba mini kowane launi da yake da shi, har da wasu manya jajaye masu jela kamar mayafi. Ya ƙi.

"Akwatinka ƙarami ne. Ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar gari. Waɗannan jajayen kamar awaki suke, ci da kashi, sai babban gida. Ka sa su a naka, kafin mako ruwan ya zama kwata."

"To waɗanne zan ɗauka?"

"Kai ba ma'auni ne sana'arka ba? Kafin ka haɗa biyu, auna bakin babban, ka auna jikin ƙaramin. In zai shiga, to zai shiga, ko yau ko jibi. Kifi ba shi da ɗan'uwa."

Kun san ubanku, ba a gaya masa magana ya ji a karon farko. Na faki idonsa na sa wani direban Kano ya kawo mini wasu guda biyu, shuɗi da ja, kyawawa kamar an yi musu ɗinkin salla. Ashe irin da ba sa haɗa gida da namiji ɗan'uwansu ne. Ina zuba su suka kama dambe, kafin in nemo ludayi sun yayyaga wa juna riga. Emeka ya yi dariya har da riƙe ciki, ya karɓe su ya raba musu kwalabe. Daga nan na bi abin da ya ce. Ya ba ni 'yan mitsi-mitsin nan masu sanyin hali, ya haɗa mini da wasu kwaɗi guda biyu, kowanne bai wuce gaɓar babban yatsa ba, irin da ba sa barin ruwa sai dai su hau sama su ɗebi numfashi su dawo. Ya ce su da ƙananan kifin suna zaman lafiya, don bakin wannan bai isa ya haɗiye wancan ba. Amma kwaɗin ba sa gani sosai, kuma ba su da hanzari, in ba a kai musu abinci bakin hanci da tsinke ba, kifin za su wawashe su bar su da yunwa. Ya ce a rufe saman, a bar ruwan famfo ya kwana kafin a zuba, a ajiye musu fasasshen kofi su riƙa ɓuya. Ya ɗaura mini ɗan injin iska a batirin sola, abin yana ta fitar da kumfa.

Da farko Innarku ko kallo bai ishe ta ba. Ina ta zarya tsakanin ɗaki da zaure ina zagin kaina, tsoho da gemu ya kawo wa mai ciwo kwaɗi. Sai wata safiya Rabi ta zuba abinci, kifin suka yi caa, kwaɗin na can ƙasa suna lalube kamar makafi a kasuwa, muka ji wani gurnani daga gado. Ta juyo. Idonta na kan kwaɗin, ranta a ɓace. Kun san Innarku, ba ta iya ganin an ci an bar wani. Rabi ta sa mata tsinke a hannun hagu, aka matso da teburin, ta yi ta fama har ta kai wa ɗaya abinci. Daga ranar aikin ya zama nata. Rabi kuwa, 'yar ubanta ce a wayo, ta kafa doka.

"Inna, ba za a ba su ba sai kin sha kunu. In kin ƙi, ku kwana da yunwa ku duka."

Ta harare ta da ido ɗaya, ta sha. Haka aka yi ta yi. Ta fara ɗaukar mataccen hannun da mai lafiyar tana ɗora shi jikin gilashi, kifin su taru wurin yatsunta. Akwai wata mai jela ruwan ɗorawa da cikinta ya yi tulu, ran nan aka wayi gari ta zuba 'ya'ya, ƙanana kamar ƙwayar gero mai ido. Innarku ta yi dariya da rabin baki. Na fita tsakar gida na rasa abin yi, na kama sharar da ba a sa ni ba.

Ana cikin haka, an gama yankan gero, sai ga kakanku Malam Gambo ya sauka daga Babban Mutum. Waɗanda ba su riske shi ba a cikinku, dogo ne siriri, ya tsufa ƙwarai amma bai yarda da sanda ba. Innarku ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama a ɗakinta ba, in zai tambaye ta sai ya ce yaya mutanen gidan. Ni kuma tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa tsayawa a tsaye muna magana ba, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Na fi sanin ƙafarsa a kan fuskarsa. Da za a jera ƙafafun mutanen Babban Mutum, da ido rufe zan fitar da tasa. Ya zo da buzunsa a kafaɗa da wata jarka da aka yanke wa kai, ruwa na tangaɗi a ciki. Labari ya kai masa cewa da kallon kifi ake jinyar 'yarsa. Ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga labule ya shiga ɗakin. Bai dubi gadon ba, akwatin ya duba. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa.

"Waɗannan su ne kifayen?"

"Su ne, Baba."

"Wannan ai ƙwari ne. Ruwan da ba tarwaɗa a ciki ba shi da mai gadi. Mu a rijiya muke sa ta, ta share duk wani datti, mai shan ruwan ya zauna lafiya. Ka tara wa mai ciwo ƙwari a kai, ka ce jinya kake yi?"

Ashe da ƙafarsa ya shiga tafkin bayan garinsu, inda Innarku take wanki tana yarinya, ya yi ta lalube a taɓo har ya kamo. Tsohon da bai taɓa ce wa 'yarsa sannu a gaban mutane ba, ga sannunsa nan a cikin jarka. Ya ɗage murfin akwatin, ya tuntsura jarkar. Tarwaɗa ta faɗa, taƙi guda da wani abu, baƙa wuluk, da gashin baki kamar na tsohon ɗan doka. A bayanta wani ƙaton kwaɗon tafki ya biyo, shimfiɗaɗɗe kamar an taka shi, mai baƙaƙen farata, wanda ko shi Malam bai san ya ɗebo shi ba. Idona ya auna bakin tarwaɗa, ya auna 'yan kifin, lissafin ya fita tun kafin ruwan ya lafa. Ni Ilu, da nake musu da direba, da ɗan sanda, da mai awon hatsi, ni da ba a taɓa rufe mini baki a Daura ba, ku ji abin da na ce.

"An gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ya fito ya shimfiɗa buzunsa a inuwar bakin ɗakin, ya ce nan zai zauna har mai jiki ta ji sauƙi.

Washegari babu 'ya'yan kifin ko ɗaya. Wanshekare manyan ma sun ragu. Na hau babur ban ko ɗaure igiyar wando da kyau ba, sai shagon Emeka.

"Cire ta mana," in ji shi.

"Surukina ne ya zuba da hannunsa."

"To ka gaya masa tana cin sauran."

"Emeka, duk daɗewarka a garin nan, ka taɓa jin wanda ya ce wa uban matarsa kyautarka ɓarna take yi?"

Ya sosa ƙeya. "Ka ce ni na ce."

"Sai ya ce wa ya aike ni kai ƙarar kyautarsa kasuwa. Ka ba ni dabara, ba wa'azi na zo ji ba."

"Dabara ɗaya ce, Baba Gilas, kuma ka san ta. Sauran duk wahala ce."

Na zaɓi wahalar. Da farko na ce bari in cika wa tarwaɗa ciki, mai ƙoshi ba ya sata. Na sayo hanta na yayyanka na zuba. Ta ci, ƙaton kwaɗon ma ya yi ta tura wa bakinsa da hannu biyu kamar wanda ya je biki ba a gayyace shi ba. Ruwan ya yi fari ya fara wari, na yi ta ɗiba ina canzawa, kuma da gari ya waye an sake rasa kifi. Sai na koma sana'ata. Na yanko gilashi daidai faɗin akwatin na zura a tsakiya, na ce wa Malam ɗakin baƙo na yi mata don girmamawa. Ya gyaɗa kai. Amma akwatin da ma ƙarami ne, da aka raba shi tarwaɗa ta kasa juyawa, ta yi ta bugun gilashin da jela har ya kwanta, kwaɗon kuma ya haura ta sama abinsa. Malam ya sa hannu ya zare gilashin ya miƙo mini.

"Kada ka ƙara ɗaure ta. Ba akuya ba ce."

Ban daddara ba. Na kwashe gilashin da wani ya ba ni aikin tagoginsa, na haɗa babban akwati wanda tarwaɗa za ta yi iyo ta yi juyi har ta yi kiwo, na kafa shi a tsakar gida, na cika da ruwa, na zo na durƙusa.

"Baba, ga babban gida an yi mata, ta sake."

"Mai ciwo na kawo wa. Tsakar gidanka ba ta da ciwo."

Saura hanya ɗaya, Rabi. Jika ce, tsakaninta da shi wasa ne, tana iya gaya masa abin da ni ko a mafarki ba zan faɗa ba. Na ja ta bayan rumbu na roƙe ta. Ta je ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Kai tsoho mai ran ƙarfe, kifin nan naka ɓarawo ne. Ya cinye na Inna tas. Ka kwashi abinka ka koma ƙauyenku."

Ya yi dariya har haƙoransa biyu suka fito. "Ke da ko tuwo ba ki iya ba, me kika sani a kifi? Ni na fasa auren ma. Je ki kawo mini ruwan alwala."

"Wallahi Kaka da gaske nake."

"Da gaske kike kullum. Kawo ruwan."

Kun ga inda muka maƙale. Wanda zai iya faɗa, ba a ɗaukar maganarsa da gaske. Wanda za a ɗauki maganarsa da gaske, ba ya iya faɗa. Ni kuwa na zama kamar kazar da aka ɗauke wa ƙwai, in leƙa ɗaki, in leƙa zaure, in hau babur in zagaya gari ba inda za ni, in dawo in sake leƙawa. Abinci ya daina wuce mini. Mai tagogi yana nemana, ina ɓuya.

Duk wannan Innarku na kwance tana gani. Ba ta da bakin magana, kuma ko da tana da shi, ubanta ne. Rannan da hantsi tana riƙe da tsinke tana neman 'yan kwaɗinta, sai ta ga ƙafar ɗaya tana leƙowa daga bakin ƙaton. Ta saki tsinken. Ta juya fuska bango. Rabi ta kawo kunu, ta ture kofin har ya zube. Aka kawo fura, ta datse haƙora. Aka koma gidan jiya, har ma ya fi, don wancan karon ba ta san abin da ta rasa ba. Malam kuwa yana daga buzunsa yana leƙe, ya ga akwatin ya yi fili, ya ce da Rabi:

"Kin gani ko? Ƙwarin sun ragu. Tana aiki. A ƙara haƙuri, sauƙi na tafe."

Ku fahimce ni, ba mugunta ba ce. Abin da ya sani ke nan, kuma a rijiya gaskiyarsa ne.

Ranar da abin ya faru, an kira la'asar, Malam ya tafi masallaci. Na shiga ɗakin. Abin da ya rage a akwatin, mai jela ruwan ɗorawa da 'yan kaɗan sun maƙale a sama bayan kumfa, ƙaramin kwaɗo ɗaya ya shige can cikin fasasshen kofi. Innarku ta rame a 'yan kwanakin nan har ƙashin wuyanta ya fito. Na juya zan fita kamar yadda na saba, sai na ji an riƙe mini riga. Hannunta na hagu ne, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta jawo ni. Bakinta ya yi ta kokawa, yawu na zuba, jijiyar wuya ta tashi. Tun ranar da ta faɗi ban ji kalma daga gare ta ba sai a lokacin.

"Cire."

Sannan ta kai ido kan buzun da ke bakin ƙofa, ta saki rigata, ta ɗora yatsa a kan leɓenta.

Na gane. A cire, amma kada ya san daga ita ne. 'Yar fari ta mayar wa ubanta da abin da ya shiga taɓo ya kamo mata, wannan ba abin da zai ɗauka ba ne, ba kuma abin da Babban Mutum za ta manta ba. Nan take ƙaryata ta kawo kanta, don ita ba ta taɓa yi mini nisa ba: in jefa tarwaɗa a kwata in ce kyanwa ce ta ɗauke. Sai na tuna abin da ya gaya wa Rabi tun ranar da ya zo, cewa in wannan ta mutu akwai yayarta a tafkin, ya ga inda take kwana. Ƙarya za ta kawo wadda ta fi ta girma. Dole a gaya masa a fuska, dole kuma wani ya ɗauki abin a kansa.

Na ɗauko matankaɗin Rabi na kamo tarwaɗa, ta watsa mini ruwa a gemu, na kamo ƙaton kwaɗon ya karce ni, na zuba su a jarkarsa, na ajiye a gefen buzu. Sannan na tsaya. Gwiwata tana ta son durƙusawa da kanta, na hana ta, don na san in na kai ƙasa abin da zai fito daga bakina an gode ne. Ya shigo da carbi a hannu. Ya ga jarka, ya gan ni a tsaye. A ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ashe idanun Innarku nasa ne.

"Me ya fitar da ita?"

"Ni na fitar da ita, Baba."

Ya juya wajen labulen. "Mai ɗakin ce ta nuna ba ta so?"

Ta cikin labulen ina hango ta, ta rufe ido kamar mai barci.

"Ai ka san ba ta magana, Baba. Ni ne. Akwatina ne, ni na yanka gilashinsa, kuma ba na son tarwaɗa a ciki. Tana cinye na ciki."

"Abin da na shiga ruwa da ƙafata na kamo."

"Shi."

Rabi ta taho da gudu tana cewa haba Kaka, haba angona, ya ɗaga mata hannu, wasan ya mutu a wurin. Ya naɗe buzunsa a hankali, ya saɓa, ya ɗauki jarka.

"Gidanka ne," in ji shi.

Na ce in kai shi a babur, ya wuce abinsa. Rabi ta biyo shi da ƙullin abinci, bai karɓa ba. Ya kama hanyar tasha a ƙafa, ruwan jarka na fantsalo masa a riga, ni ina biye daga nesa kamar karen da aka jefa da dutse. Ya shiga mota, ya ɗora jarkar a cinya, har suka tashi bai waiwayo ba.

Da na dawo na tarar da kofin kunu a gefen gado, babu komai a ciki.

Na wanke akwatin, na yi ta canza ruwa kaɗan-kaɗan har ya washe. Emeka ya kawo wani ɗan kwaɗo ya zama abokin wanda ya tsira, bai tambaye ni yadda aka ƙare ba, ni ma ban faɗa ba. Mai jela ruwan ɗorawa ta sake haihuwa. Da suka yi yawa na mayar da rabinsu babban akwatin tsakar gida, Innarku ta ce sai an fitar da ita ta gan su, daga nan aka fara zaunar da ita a waje. Kalmomi suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, na farkonsu duk na faɗa ne, kuma duk ni ake yi wa. Ta tashi zaune. Ta dafa bango. Ta kama sanda.

Babban Mutum kuwa ta rufe mini ƙofa. Na aika gaisuwa, ba a amsa ba. Na je da kaina na durƙusa a ƙofar gida, aka ce Malam yana gona, alhali ina jin tarinsa a zaure. Damin geron da ya saba aiko wa jikokinsa kowace kaka bai fasa ba, amma sai a sauke a gidan Rabi a Zango. In ta je gaishe shi yakan ce yaya mai jiki, ta ce da sauƙi, ya ce madalla, shi ke nan. Innarku ta ce ba za ta je masa a kwance ba, sai ta iya shiga gidan da ƙafarta. Tana ta koyon tafiya a tsakar gida, daga bakin ɗaki zuwa rumbu, daga rumbu zuwa zaure. Saura ƙiris, damina ta sake zagayowa, zazzaɓi ya kama shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ba su sake ganin juna ba. In kuna lissafin wanda ya biya kuɗin kalmar nan guda da ta faɗa mini a ɗaki, ku bar ni daga ciki, ni suna kawai na rasa, kuma da ma ba wani na kirki ba ne.

Muka je ta'aziyya. A ƙofar gidan na kawo hannu zan tallafe ta, ta ture ni. Ta dogara sandarta, ta ja ƙafar dama, ta haura dokin ƙofar ita kaɗai, mata suka yi ta salati. Ni na zauna a waje gindin wata bishiyar bedi. Aka shimfiɗa wa kowa tabarma, ni aka bar ni da saiwa. Aka kawo ruwa, ya ƙare kafin ya iso kaina. Ban tashi ba. Yini guda cur ina zaune wuri ɗaya, abin da ko malamin firamare da bulalarsa bai samu daga gare ni ba.

Da yamma muka shiga motar Daura, an cusa mu a baya tare da buhunan gyaɗa. Idonta ya kumbura. Mun yi nisa, sai ta yi magana ba ta dube ni ba, da harshen nan nata da bai gama warwarewa ba.

"Gwaggo ta ce kai marar kunya ne."

"To."

"Sun ce tun da ma ɗan iska ne kai."

"Ke me kika ce?"

"Na ce na sani."

Motar ta faɗa rami, muka yi sama muka dawo. Sai na ji ana jan gefen rigata ta ƙarƙashin mayafinta, a hankali, yatsu suna neman riƙo. Na duba ƙasa. Hannun dama ne.